ZANEN ARO BA YA RUFE KATARA: YADDA GUKUNI WEDDEYE YA RASA MULKIN CADI

Ran Litinin 7 ga watan Yuni 1982 mayaƙan Hissen Habre suka shiga Njamena, babban birnin ƙasar Cadi, ba tare da sun gamu da wata turjiya ta a zo a gani ba. Shugaban ƙasar, Gukuni Weddeye, ya ƙetare kogin Shari ya faɗa garin Kusuri na ƙasar Kamaru. Wata 18 kacal kafin wannan rana, shi Habre ne ya ƙetare wannan kogi a guje, Gukuni kuwa yana zaune daram bisa kujera, tankokin yaƙin Libiya suna gadinsa.

Abin da ya ƙara ɗaure wa mutane kai shi ne, a ranar da birnin ya faɗi akwai dubban sojojin ƙasashen Afirka a cikin Cadi, ƙarƙashin wani babban hafsan sojan Nijeriya, waɗanda aka kawo da yardar shi Gukuni, amma ba su tare masa faɗa ba. Tun daga lokacin ake ta muhawara. Waɗansu suka ce Nijeriya da Ƙungiyar Haɗa Kan Afirka ne suka yaudare shi, waɗansu suka ce makircin Amurka ne da Faransa, waɗansu kuma suka ɗora wa Kanar Gaddafi laifi, suka ce ya yi fushi ya janye masa tsani bayan ya hau.

Kowace daga cikin maganganun nan tana da ƙamshin gaskiya. Amma in mai karatu ya bi labarin daki-daki zai ga cewa cikin shekara biyu da rabi da Gukuni ya yi yana jagorancin gwamnatin haɗin kai, bai taɓa samun sojan ƙasa guda ɗaya mai jin umurninsa ba. Duk sa'ad da ƙasa ta ɗauki zafi sai ya aro na wani. Ranar da masu aro suka karɓe kayansu, ranar ce asiri ya tonu.

ASALIN RIKICIN

Cadi ta fi Nijeriya faɗin ƙasa, amma a zamanin da muke magana mutanenta ba su kai miliyan 5 ba. Kudancinta ƙasar noma ce mai wadatar ruwan sama, can ake noman auduga, can ne kuma Turawan Faransa suka fi buɗe makarantu. Saboda haka da aka ba ƙasar mulkin kai ran 11 ga watan Agusta 1960, 'yan kudu ne suka cika ofisoshi da barikokin soja, shugaban ƙasa na farko ma, Faransuwa Tombalbaye, mutuminsu ne daga kabilar Sara. Mutanen tsakiya da arewa kuwa, waɗanda galibinsu Musulmi ne makiyaya da 'yan kasuwa, sai suka ga kamar an canja musu ubangida ne kawai.

Tombalbaye ya soke jam'iyyun hamayya cikin 1962, masu karɓar haraji kuma suka riƙa gallaza wa talakawa. Cikin 1965 mutanen Mangalme, a tsakiyar ƙasar, suka tayar wa jami'an haraji, aka zubar da jini. Shekara ta zagayo, cikin watan Yuni 1966, aka kafa ƙungiyar tawaye ta FROLINAT a garin Niyala na ƙasar Sudan, ƙarƙashin Ibrahim Abaca. Da aka kashe Abaca a fagen fama cikin 1968 sai ƙungiyar ta fara rarrabuwa, kowane yanki da nasa madugu, wannan cuta kuwa ba ta sake ta ba har ƙarshe.

Shi Gukuni ɗan sarauta ne. Mahaifinsa shi ne Derde, watau babban sarkin Tubawan duwatsun Tibesti, can ƙuryar arewa kan iyaka da Libiya. Sojan Faransa ne suka ci gaba da riƙon wannan yanki har 1965, da suka miƙa shi ga jami'an Tombalbaye kuwa sai wulaƙanci ya yi yawa, har Derde ya yi hijira zuwa Libiya cikin 1966. 'Ya'yansa suka ɗauki bindiga suka hau dutse, waɗansu daga cikinsu suka mutu a yaƙin, jagoranci ya faɗo kan Gukuni.

ABOKAI SUN RABA GARI

A farkon shekarun 1970 wani saurayi mutumin Faya Larjo, wanda ya yi karatun shari'a da siyasa a birnin Faris, ya zo ya shiga cikinsu. Shi ne Hissen Habre. Ganin iliminsa da iya bakinsa, Gukuni ya sakar masa shugabancin rundunar, shi ya koma mataimaki. Duniya ta fara jin sunansu cikin watan Afrilu 1974, sa'ad da suka kama waɗansu Turawa a garin Bardai suka yi garkuwa da su, cikinsu har da wata Bafaranshiya mai binciken kayan tarihi, Madam Kulostir, wadda ba a sake ta ba sai cikin watan Janairu 1977.

Abin da ya raba su shi ne Libiya. Tun 1973 sojojin Gaddafi suka mamaye wani zirin ƙasa da ke arewacin Cadi mai suna Awuzu, suka ce nasu ne. Ra'ayin Gukuni shi ne a karɓi makaman Libiya a gama da gwamnatin Njamena tukuna, maganar Awuzu a bar ta sai gaba. Habre ya ce faufau, wanda ya cinye maka gefen gona ba abokin tafiyarka ba ne. Cikin watan Oktoba 1976 suka rabu, yawancin mayaƙa suka bi Gukuni, Habre ya yi gabas da 'yan mutane kaɗan.

Kafin nan soja sun riga sun kashe Tombalbaye ran 13 ga watan Afrilu 1975, Janar Feliks Malum ya hau. Da makaman Libiya Gukuni ya ci Bardai da Zuwar cikin 1977, ya ci Faya Larjo cikin watan Fabrairu 1978, ya doshi babban birni, sai da sojan Faransa suka sa hannu kana aka tsai da shi. Tun daga nan ya kamata mai lura ya gane cewa ƙarfin da ya kawo shi bakin ƙofa rabinsa na aro ne. Janar Malum, don neman mafita, ya jawo Habre ya naɗa shi Firayim Minista cikin watan Agusta 1978. Ba a yi wata shida cikakku ba, ran 12 ga watan Fabrairu 1979, sojojin shugaban ƙasa da na Firayim Ministansa suka kaure da yaƙi a tsakiyar Njamena. Aka kashe 'yan kudu a birnin, aka rama kan Musulmi a garuruwan Mundu da Sar, ma'aikatan gwamnati kuma, da yake yawancinsu 'yan kudu ne, suka kwashe iyalinsu suka koma gida. Tun daga ran nan ofisoshin gwamnatin Cadi suka zama kango.

TARON KANO DA NA IKKO

Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Daga Njamena zuwa Gamborun Ngala ta Jihar Borno ba wata tafiya ba ce, ɗan tsinin ƙasar Kamaru ne kawai ya raba. Gwamnatin Mulkin Soja ta Janar Obasanjo ta kira masu faɗan zuwa Kano cikin watan Maris 1979, Manjo Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa ya shugabanci zaman. Aka shirya cewa Malum da Habre duka su sauka, aka kafa majalisar riƙo da Gukuni a kanta, Nijeriya kuma ta aika da soja don tsaron birnin. Janar Malum ya taho Nijeriya, inda ya zauna fiye da shekara 20.

Shirin bai daɗe ba. Ƙananan ƙungiyoyin da ba a gayyata ba suka ce su ma sai an ba su kasonsu, taro na biyu a Kano cikin watan Afrilu ya watse baram-baram, sojan Nijeriya suka dawo gida cikin watan Yuni bayan sun saɓa da mayaƙan da ke birnin. Sai ran 21 ga watan Agusta 1979 aka samu ƙungiyoyi 11 suka sa hannu kan yarjejeniya a birnin Ikko. Aka amince a kafa Gwamnatin Riƙon Ƙwarya ta Haɗin Kan Ƙasa, wadda aka fi sani da GUNT, ta yi wata 18 sa'an nan a yi zaɓe. Aka ce za a fitar da mayaƙa daga babban birni, a narkar da rundunoni duka a kafa sojan ƙasa guda, sojan Faransa su tafi, sojan Kwango da Gini da Binin su zo su tsaya tsakani.

Da aka kafa gwamnatin cikin watan Nuwamba, Gukuni ya zama Shugaban Ƙasa, Kanar Kamuge madugun 'yan kudu ya zama mataimakinsa, Habre Ministan Tsaro, Asil Ahmat, jagoran Larabawan Cadi kuma na hannun daman Gaddafi, ya zama Ministan Harkokin Waje.

GWAMNATI MAI KAI GOMA SHA ƊAYA

A takarda abin gwanin kyau. A ƙasa kuwa kowane minista da rundunarsa, da yankinsa, da shingayensa na karɓar kuɗi a kan hanya, da kuma ƙasar waje da ke ba shi harsashi. Ba wanda ya yarda ya miƙa bindiga, domin kowa ya san bindigar ce ta ba shi kujerar. Kanar Kamuge, ko da yake shi ne mataimakin shugaban ƙasa, ya kafa wani kwamiti a Mundu da ke mulkin kudu kamar wata ƙasa dabam, kuɗin auduga kuwa, wanda shi ne babban abin da Cadi ke sayarwa waje, can yake tsayawa. Ke nan shugaban ƙasa ba shi da baitulmali, ba shi da ma'aikata, ba shi da soja sai 'yan uwansa Tubawa da suka sauko tare da shi daga dutse.

Waɗanda suka san Gukuni sun shaide shi da sauƙin kai da kunya da rashin son abin duniya. Halaye ne masu kyau, kuma su ne suka sa sauran madugai suka yarda da shi, domin kowannensu yana ganin ba zai danne shi ba. To, amma abin da ya sa aka zaɓe shi shi ne kuma ya hana shi mulki. An ɗora shi ne don ya zama mai raba gardama a tsakanin masu bindiga, alhali ƙasar tana bukatar wanda zai karɓe bindigogin.

Daga cikin ƙasashe uku da suka yi alkawarin kawo soja, Kwango ce kaɗai ta aiko da 'yan ɗaruruwa. Cikin watan Maris 1980 yaƙi ya sake ɓarkewa a Njamena, wannan karo tsakanin shugaban ƙasa da Ministan Tsaronsa. Sojan Kwango suka tattara nasu ya nasu suka tafi, na Faransa ma suka fice cikin watan Mayu. Wata tara ana ruwan wuta unguwa-unguwa, dubban mutane suka mutu, dubun dubata suka ƙetare zuwa Kusuri, waɗansu suka zarce har Maiduguri. Gukuni da Kamuge da Asil sun haɗa ƙarfi, amma duk da haka sun kasa fitar da mutum ɗaya daga birnin.

ARON FARKO

Da abin ya gagara sai aka waiwayi Tarabulus. Ran 15 ga watan Yuni 1980 aka ƙulla yarjejeniyar abuta da taimakon juna tsakanin Cadi da Libiya. Wajen ƙarshen shekara dubban sojojin Libiya da tankoki da manyan bindigogi suka keto hamada, tafiyar ɗaruruwan mil, jiragen sama suna rufa musu baya. A tsakiyar watan Disamba Habre ya ga ba sarki sai Allah, ya bar birnin ya ƙetare zuwa Kamaru, sauran mayaƙansa suka ja da baya zuwa iyakar Sudan.

Gukuni ya ci yaƙi, amma kowa ya ga da hannun wa aka ci. Ba a yi wata guda ba mai kaya ya zo karɓar ladansa. Ran 6 ga watan Janairu 1981 aka ba da sanarwa a Tarabulus, bayan ganawar Gukuni da Gaddafi, cewa ƙasashen biyu za su yi aiki don su zama ƙasa ɗaya.

Wannan sanarwa ita ce ta fi kome yi wa Gukuni ɓarna. A cikin gida, Kanar Kamuge ya fito fili ya ƙi ta, 'yan kudu suka ƙara ja da baya, har cikin Musulmin arewa ma da yawa ba su so ba. A waje kuwa hankalin maƙwabta ya tashi. Gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ba ta ga dalilin da zai sa tankokin Gaddafi su yi sansani a bakin Tafkin Cadi ba, haka ma Nijar da Kamaru da Sudan da Masar. Shugabannin Afirka suka taru a Lome cikin watan nan na Janairu suka yi tir da shirin. Daga baya Gukuni ya yi ta bayani cewa ba haɗewa ake nufi ba, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Babban wanda ya ci ribar abin shi ne Habre. Mutumin da jiya ake kira ɗan tawaye mai garkuwa da mutane, yau ya zama shi ne mai kishin ƙasa da ya daɗe yana gargaɗi game da Libiya. Shugaba Numairi na Sudan ya ba shi wurin zama a Darfur, Shugaba Sadat na Masar ya ba shi makamai, sabuwar gwamnatin Shugaba Reagan a Amurka kuma, wadda ba ta da abokin gaba a Afirka kamar Gaddafi, ta riƙa tura masa kuɗi da kayan yaƙi a asirce ta hannun ƙungiyar leƙen asirinta.

Zaman Libiyawa bai kawo wa gwamnatin haɗin kai ba. Sun fi karkata ga Asil Ahmat, har mayaƙansa da na Gukuni suka gwabza a Abeshe cikin watan Afrilu 1981. Sojan ƙasa guda da aka yi ta maganar kafawa bai wuce suna ba. Shekara guda cur Libiyawa suka tsare masa ƙofa, wannan ita ce damar da Gukuni ya samu ta gina nasa, ta kuwa wuce ba a gina kome ba.

ARO NA BIYU

Cikin 1981 matsi ya yi yawa. Taron ƙolin Ƙungiyar Haɗa Kan Afirka da aka yi a Nairobi cikin watan Yuni ya amince a aika da rundunar kiyaye zaman lafiya. Sabon shugaban Faransa, Mitteran, ya karɓi Gukuni a Faris cikin watan Satumba, aka yi masa alkawarin taimako in ya rabu da Libiya. Wajen ƙarshen watan Oktoba, sa'ad da Manjo Jallud mataimakin Gaddafi ya sauka Njamena, jita-jita ta cika gari cewa ana shirin ture Gukuni a ɗora Asil. Ran 29 ga watan Oktoba gwamnatin Cadi ta bukaci sojan Libiya su fice kafin ƙarshen shekara.

Kowa ya zaci Gaddafi zai yi ta jan ƙafa. Sai ya ba da mamaki, ya kwashe sojojinsa cikin kamar mako biyu. Yana da dalilansa. Yaƙin ya ci masa mutane da kuɗi, kuma yana sa ran karɓar taron ƙolin Afirka a Tarabulus cikin 1982 ya zama shugaban ƙungiyar, ba ya son a ce yana mamaye da ƙasar wani. Ban da haka ya san abin da zai biyo baya, yana so Gukuni ya ɗanɗana kuɗarsa.

Tun ƙurar motocin Libiya ba ta kwanta ba Habre ya ƙetaro daga Sudan. Ran 19 ga watan Nuwamba ya kama Abeshe. Tsofaffin alhazanmu da suka tafi Makka ta ƙasa sun san wannan hanya sarai, daga Fort Lami, watau Njamena ta yanzu, a bi ta Ati da Um Hajar da Abeshe a shiga Sudan. Ita ce Habre ya biyo, sai dai shi yamma ya dosa.

Rundunar Afirka ta fara sauka a tsakiyar watan Nuwamba. Ƙasashe shida aka sa rai, uku suka zo, watau Nijeriya da Senegal da Zayar, ƙarƙashin Manjo Janar Geoffrey Ejiga na Nijeriya. Tun ranar farko aka sami saɓanin fahimta wanda ba a taɓa warware shi ba. A ganin Gukuni, ya sallami Libiyawa ne bisa alkawarin cewa waɗannan za su maye gurbinsu, su yaƙi ɗan tawaye a madadin halattacciyar gwamnati. A ganin ƙasashen da suka aiko da 'ya'yansu kuwa, sun zo tsayawa tsakani ne, ba su zo su mutu don wani ɓangare ya ci wani ba. Daɗin daɗawa, ƙungiyar ba ta da kuɗin riƙe runduna, Nijeriya ce ta riƙa ciyar da sojanta daga aljihunta, a daidai lokacin da kuɗin man fetur ya faɗi har gwamnatin Shagari ta shiga tsuke bakin aljihu cikin watan Afrilu 1982. Shugaba Mobutu na Zayar kuwa, kowa ya san zuciyarsa ta fi kwantawa da Habre.

WATANNIN ƘARSHE

An girke sojan Afirka a garuruwa irin su Ati da Mongo, a kan hanyar da ta taho daga gabas. Habre bai yi wautar taka su ba. Ya bar su inda suke ya zagaya ta arewa, ya kama Faya Larjo cikin watan Janairu 1982. Rundunarsa ba ta kai ta gwamnati yawa ba in an haɗa ƙungiyoyin duka, amma shugabanta ɗaya ne, umurni ɗaya, ga horo mai tsanani, ga kuma samarin kwamandoji irin su Idris Debi da Hassan Jamus, masu kai farmaki cikin ƙananan motoci su ɓace kafin a farga.

Cikin watan Fabrairu kwamitin Ƙungiyar Haɗa Kan Afirka ya zauna a Nairobi ya yanke cewa a tsagaita wuta, Gukuni ya zauna da Habre a yi sulhu, a yi zaɓe, rundunar kuma za ta janye ran 30 ga watan Yuni. Gukuni ya fusata ya ƙi. A wurinsa an daidaita shugaban ƙasa da ɗan tawayen da kotun gwamnatinsa ta riga ta yanke wa hukuncin kisa a bayan idonsa. Fushinsa yana da hujja, sai dai wanda zai ƙi sulhu ya kamata ya tabbata yana da abin yin yaƙi. Cikin watan Maris dakarun gwamnati suka yunƙura don ƙwato Um Hajar, aka fatattake su.

Daga nan sai rushewa. Sojan kudu suka ƙi zuwa su mutu a hamada saboda rigimar da suke gani ta 'yan arewa ce tsakaninsu, can Mundu ma hafsoshin Kamuge sun fara juya masa baya kan maganar kuɗi. Mutanen Asil suka ja gefe suna kallo. Cikin watan Mayu Gukuni ya yi wa gwamnati garambawul ya naɗa Firayim Minista ɗan kudu, bai yi magani ba. Ya tafi Tarabulus neman Gaddafi ya dawo, aka ce masa Libiya ba ruwanta. Ran 5 ga watan Yuni aka yi karon ƙarshe a Masaget, kamar mil 50 arewa da babban birni, inda mayaƙan Gukuni suka tsaya kusan su kaɗai aka karya su. Bayan kwana biyu birni ya faɗi. Kafin ƙarshen wata sojan Afirka sun koma gidajensu.

LAIFIN WA?

Ba za a wanke Ƙungiyar Haɗa Kan Afirka ba, ba kuma za a wanke Nijeriya ba. Sun matsa wa mutum ya kori mai gadinsa, suka bar shi yana zaton za su tsaya masa, ba su fito sun gaya masa gaskiya ba sai da aski ya zo gaban goshi. Sun aika da soja ba kuɗi, ba kuma takamaiman aikin da aka ce su yi. Amurka da Masar da Sudan su ma sun sa hannu dumu-dumu, Faransa kuma ta yi alkawarin da ba ta cika shi yadda aka zata ba.

Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Taimakon da Habre ya samu daga waje bai kama ƙafar abin da Libiya ta zuba wa Gukuni ba, wanda aka kawo masa runduna sukutum da tankoki da jiragen sama. Bambancin shi ne, Habre ya karɓi kuɗi da makamai ya zuba cikin rundunar da take tasa, Gukuni kuwa sojojin ne da kansu ya aro. Bindigar da aka ba ka tana hannunka ko da kun ɓata da mai bayarwa, amma sojan wani umurnin ubangidansa yake jira. Haka kuma yarjejeniyar Ikko ta raba kujerun minista tsakanin madugai 11 ba tare da ta tanadi wanda zai tilasta musu ajiye makamai ba, saboda haka kowannensu ya shiga gwamnati da ƙafa ɗaya, ɗayar tana waje. Ranar da aka zo kare gwamnatin, ba wanda ya ga tasa ce balle ya mutu dominta.

ABIN DA YA CI DOMA

Gukuni bai daddara ba. Ya koma Bardai ya sake kafa gwamnati da taimakon Libiya, ya ƙwace Faya Larjo cikin 1983, sojan Faransa suka dawo suka tare shi. Cikin watan Oktoba 1986, da mutanensa suka fara juya wa Libiya baya, aka harbe shi a Tarabulus ya ji rauni, daga baya ya koma Aljeriya da zama. Sai cikin 2009 ya dawo gida, ya zama dattijo mai shiga tsakani.

Shi kuwa Habre, wanda aka rantsar cikin watan Oktoba 1982, ya gina gwamnati mai ƙarfi, amma ya gina ta kan tsoro. Ya kafa 'yan sandan ciki da suka cika gidajen kurkuku, ya bi 'yan kudu da kisa, sa'an nan kabilar Hajarai, sa'an nan Zagawa, dangin kwamandojin da suka ci masa yaƙi. Idris Debi ya tsere zuwa Darfur cikin 1989, ya dawo ta wannan hanya ta Abeshe, ran 1 ga watan Disamba 1990 Habre ya sake ƙetare kogi zuwa Kamaru. Hukumar bincike da aka kafa bayansa ta ƙiyasta mutanen da aka kashe a zamaninsa sun kai 40,000. Wata kotu ta musamman a Dakar ta yanke masa ɗaurin rai da rai cikin 2016, ya mutu a can cikin 2021. A cikin wannan shekara ce kuma, watan Afrilu, Debi ya rasa ransa a fagen fama da waɗansu 'yan tawaye da suka keto daga Libiya, bayan ya yi shekara 30 yana mulki.

Jama'a, har yanzu ana kiran taron sulhu a manyan biranen Afirka, ana raba kujeru tsakanin masu bindiga, ana kuma gayyato sojan waje su tsare fadar shugaban ƙasa, ko na wata gwamnati ne ko na haya. Duk mai shirya irin wannan zama, da duk shugaban da ke barci bisa gadin baƙo, ya kamata ya tambayi kansa tun da wuri wa zai tsaya ranar da baƙon ya ɗaure kayansa. Gukuni Weddeye bai yi wannan tambaya ba sai da ya ji ƙarar bindiga daga Masaget. Allah Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, amin.